Ƙarshen da Yaya Talatu Ta Karanta Mana

Gyadar iri ba a kai ta inji. Duk wanda ya tashi a ƙasar Rogo ya san haka, don inji fasa ƙwayar yake yi, in aka shuka rabi ba ya fitowa. Da hannu ake ɓare ta, ɗaya bayan ɗaya, a 'yan makonnin nan da zafi yake kai maƙura kafin ruwa ya sauka. Aiki ne mai cin rai da cin farce. Shi ya sa mu matan unguwarmu a Ruwan Bago muke yin sa gayya, yau gidan wannan, gobe gidan waccan, daga an sauke tukunyar rana har kiran la'asar. Kowa sai ta ɓare, har mai tsohon ciki, har Inna Yelwa da idonta ya yi rauni take laluben ɓawon da yatsa. Mutum ɗaya aka ɗauke wa, ita ce Yaya Talatu. Nata aikin shi ne ta karanta mana littafi, mu kuma mu ɓare mata tata gyadar idan aka zagayo kanta.

Ni sunana Na'ima. Katanga ɗaya ce ta raba ni da Yaya Talatu shekara goma sha shida ke nan, kuma ni ce na taɓa kama ta da ƙarya, sau ɗaya tak a duk zamanmu. Ba don tona asiri zan faɗa ba. Idan na ba da labarinta na tsallake wannan, na bar abin da ya fi komai daɗi.

A Zoza aka haife ta, ranar Talata kamar yadda sunan ya nuna. Mahaifinta manomin rake ne mai dafa mazarƙwaila. Ya sa ta firamare, ta kai aji biyar, sai ciwo ya kwantar da mahaifiyarta, ta dawo gida ta karɓi tukunya. Makarantar ce ta bari, karatun bai bar ta ba. Ta ba ni labari da bakinta cewa ba abin da yake wucewa ta gabanta ba ta karanta shi ba: kwalin sabulu, buhun taki, takardar da aka ƙunso magani, rubutun bayan motar da take zuwa ɗaukar rake. In aka aike ta sayen gishiri, sai ta juye shi a gefen zani ta taho tana karanta takardar ƙunshin a hanya.

Malam Muntaka ne ya auro ta zuwa nan, manomi mai gyaran keke a gindin darbejiyar bakin hanya. Ta ce cikin masu zuwa wajenta shi kaɗai ne idan ya tarar da ita da takarda a hannu yake zama ya jira ta kai ƙarshen shafi kafin ya yi magana, shi ya sa ta ce shi take so. Shi kuma in aka tambaye shi sai ya ce kunya ce ta hana shi magana, ba haƙuri ba, amma tunda abin ya yi masa rana ba zai musa ba. 'Ya'yansu huɗu. Sana'arta man gyada da ƙuli-ƙuli, kuma ƙulinta ba ya kwana.

Littattafan kuwa wajen Ɗanmaliki take samu, wani tsoho mai baza su a kan leda a kasuwar Rogo, ranar kasuwar Karaye kuma ya ɗaure su a bayan babur ya tafi can. Ya san abin da take so. Ba ya ba ta labarin da daga farko har ƙarshe ba a yin komai sai shiga mota da fita mota. Takan ce ita a ba ta labarin mutanen da suke cin tuwo.

Wanda bai ji karatun Yaya Talatu ba, da wuya in iya kwatanta masa. Ba ta sauri. In tsoho ne yake magana a littafin, muryarta sai ta tsufa. In mafaɗaciya ce, sai duk a juyo ana kallona, wai ni take kwaikwayo, kuma har yau ban yarda ba. Amma abin da ya sa muka riƙe ta shi ne ba ta ƙari, ba ta ragi. In ta zo wurin da marubuci ya saki baki, ba ta ɓoyewa, sai ta ce, "Nan akwai layi uku da ba zan karanta a gaban Inna ba," ta tsallake da saninmu. Inna Yelwa ta ce ita ba a tambaye ta ba, a karanta. A yi dariya a wuce. Saboda haka duk abin da ya fito daga bakin Talatu, mun san haka yake a takarda, har ya zama in ana musu a kan wani abu a unguwar sai wata ta ce a kira Talatu ta faɗa.

Da wayoyi suka yawaita, 'yan mata suka kawo mana littattafan da ake karantawa a saka a waya. Mun gwada kwana biyu. Wayar ba ta jiran mai zuwa duba tukunya, ba a ce mata ta maimaita, kuma in mugun labarin ya yi mugunta ka zage shi, ba ta tsayawa ka gama. Rana ta uku Mubina, matar mai shayin bakin kasuwa, ta ce a kashe abin nan a kira mai rai.

Ba nishaɗi kawai muke kwasa ba. Mubina a wani littafi ta ji yarinyar da ta zama malamar asibiti a ƙauyensu, ta koma gida ta tsaya kai da fata sai da 'yarta ta ci gaba da makaranta. Ni ma na taɓa ɗaukar darasi. Mun ji wata mata mai zuciya da aka koya wa ta guntsi ruwa ta riƙe a baki duk lokacin da ranta ya ɓaci. Na gwada a kan Salman, maigidana, ranar da ya ce miyata ta yi gishiri. Na riƙe ruwan ƙam, sai ya tambaye ni ko haƙori ne yake damuna. Dariya ta ƙwace min, na fesa masa a riga. Faɗan dai bai yiwu ba, don haka ina ganin darasin ya yi aiki.

Cikinmu akwai wadda ba ta da gyada ko tiya ɗaya amma ba ta fashi, Ummu Hani. Bafulatana ce, rugarsu tana bayan gari. In ta gama tallan nono sai ta shigo ta sauke ƙwaryarta a inuwa, ta ja faifai ta kama ɓara kamar tata. Ita da Talatu aminai ne, irin amincin da kullum ake tsokanar juna. Talatu ta ce nonon yau an yi masa wanka a rafi, Ummu Hani ta ce ƙulin jiya da shi aka kafa turken saniya.

Amma akwai abin da ba a tsokanar Ummu Hani da shi. Tana da yaya namiji guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, Mijinyawa, wanda take kira Hamma kamar yadda Fulani suke kiran babban wa. Yana zaune da shanunsa can wajen Karaye, kusa da dam. Shekara shida ba su magana. Mahaifiyarsu ta bar mata karsana, shi kuma lokacin da mahaifinsu yake jinya ya sayar da ita bai gaya mata ba. Ita ta ce ba sayarwar ce ta ƙona mata rai ba, da ya tambaya da ta ba shi har da maraƙi, rashin tambayar ne. Shi ya ce shi ne babba, ba zai nemi izinin ƙanwa don ya yi wa ubansu magani ba. Manya sun shiga, liman ya shiga, kowa ya gaji ya bari. In aka ambaci sunansa, sai ta ɗauki ƙwaryarta ta ce rana ta yi.

Ana nan sai wata shekara Ɗanmaliki ya ba Talatu wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, ko sunansa ba mu sani ba. Labarin wata mata ce Kausar da yayanta Nuruddeen, waɗanda suka ɓata a kan gonar fadamar da ubansu ya bari. Tun ranar farko muka riƙa satar kallon Ummu Hani, muna jiran ta ce rana ta yi. Ba ta ce ba. Kullum sai ta ƙara matsowa kusa da tabarmar Talatu, hannunta yana ɓara, kanta a ƙasa. Kwana tara muka yi a kan littafin nan.

Ranar ƙarshe a gidan Mubina muke. An kai inda Kausar ta ji labarin yayanta zai bar garin gaba ɗaya, ta tashi tsaye a tsakar gida ba ta san abin yi ba. Talatu ta juya shafi. Ta yi tari, ta ce a ba ta ruwa. Ta sha, ta goge baki, ta gyara riƙon littafin, sannan ta ci gaba.

Ta karanta mana cewa Kausar ba ta aika kowa ba, ba ta nemi manya ba. Rogo ta dafa, ta kwaɗa shi da ƙuli da yaji yadda uwarsu take yi musu suna yara, ta ɗauka a ka ta tafi gidan yayanta. Ta yi sallama, ta shiga, ta ajiye kwanon a gabansa. Ba ta ce ya yafe mata ba, ba ta ce ta yafe masa ba. Zama ta yi ta sa hannu ta fara ci. Ya daɗe yana kallonta. Can sai ya ce, "Har yanzu ba ki iya sa gishiri ba." Ya matso ya sa hannu. Maganar gona kuwa ba a tashe ta ba sai bayan kwana uku, kuma da aka tashe ta, sai ta zama ƙarama.

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Inna Yelwa ta ce wannan marubuci Allah ya yi masa albarka, ya san mutane. Ummu Hani kuwa ta miƙe. Ta zazzage ɓawon da ke zaninta, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Bayan kwana biyu ba mu gan ta a talla ba. Ashe fura ta dama da kindirmo mai kauri, ba ruwa ko ɗigo, ta hau motar Karaye. Daga baya ta ba mu labari cewa ta tarar da Hamma yana ɗaure maruƙa, ta ajiye ƙwaryar, ta zauna ta fara sha. Ya tsaya da igiya a hannu kamar an dasa shi. Shi bai yi maganar gishiri ba, cewa ya yi, "Ludayi ɗaya kika kawo?" Ta miƙa masa nata. Kwananta huɗu a can. Da kaka ta yi, sai ga Mijinyawa da kansa ya koro wata karsana ja har Ruwan Bago, ya ɗaure a turkenta, bai ce komai a kai ba, ita ma ba ta ce ba. Tun daga nan duk wadda ta yi faɗa da ɗan'uwanta a unguwarmu, sai a ce mata ta je ta yi irin ta Kausar.

Shekara huɗu aka yi. Wata ranar kasuwar Karaye na je sayen busasshen kifi, na biya ta wajen Ɗanmaliki mu gaisa. Ina jujjuya littattafan sai idona ya faɗa kan sunan Kausar da Nuruddeen. Littafin nan ne, sabo fil, da bangonsa. Murna ta kama ni, na saya don in kai wa Yaya Talatu. Kuma da yake bakina ba ya riƙe magana, kafin motar ta cika na riga na nuna wa Mubina da wasu mata biyu 'yan unguwarmu, muka yanke cewa bana da shi za a buɗe ɓarar gyada.

Ni ma na yi makaranta, sai dai karatuna a hankali ne, ina yi ina tuntuɓe. Da mota ta kama hanya, na ce bari in leƙa ƙarshen nan in sake jin daɗi. Na nemo inda Kausar ta tashi tsaye a tsakar gida. Na juya. Babu rogo. Na juya gaba, na dawo baya. Babu rogo, babu ƙuli, babu gishiri. Abin da yake nan shi ne Kausar ta kai ƙara kotu, alƙali ya ba ta gona, Nuruddeen ya yi hatsari ya karye, ya zo yana rarrafe yana neman gafara, ita kuma a lokacin ta auri wani attajiri, ta sauke gilashin mota ta ce ta yafe masa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara huɗu ina ba mutane labarin nan, na zubar da hawaye a kansa, ashe a tsakar gidan Mubina aka ƙera shi ina zaune. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ya kamata in gane tun daga ƙulin. Wa zai tuna da ƙuli a irin wannan wuri in ba mai sayar da shi ba? Mubina ta tambaye ni lafiya na haɗe rai, na ce warin kifi ne.

Washegari da hantsi na shiga gidanta. Tana bakin murhu tana tuyar ƙuli.

"Salamu alaikum. Yaya, ina kwana?"

"Amin alaikumus salam. Lafiya lau, Na'ima. An tashi lafiya? Ya gajiyar kasuwa?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ya Malam, ya yara?"

"Duk lafiya, alhamdu lillahi. Wannan fuskar fa? Ko Salman ya sake maganar gishiri?"

Na zaro littafin na buɗe daidai wurin na ajiye a kan turmi. Ta leƙo ta karanta layi biyu. Sai ta janye itacen wutar, ta goge hannu a zani, ta zauna a ƙasa.

"Ashe haka ya ƙare," ta ce.

"Ba ki ma sani ba?"

"Daga ina zan sani? Na'ima, ranar nan ina juya shafi na ga babu. An yage wajen ganye takwas daga baya, ban lura ba sai da na isa. Har yau ban san wanda ya yi ba, na ɗora wa yara, na ɗora wa akuya. Na buɗe baki zan ce muku littafi ya yanke, sai na ɗago na ga idon Ummu Hani. Kwana tara matar nan tana jiran ta ji abin da ƙanwa take yi. In ce mata babu? Na sha ruwan nan ina roƙon Allah ya ba ni abin faɗa. Abin da ya zo bakina ke nan."

"Shi ne kika riƙa bin layi da yatsa kamar gaske."

"Har shafi na juya, na baya. Allah ya yafe min. Ba ranar da zan ji an ce a yi irin ta Kausar gabana bai faɗi ba."

Na zo da faɗa cike da baki, sai na neme shi na rasa. Tausayinta ya kama ni, kuma na tuna ɓarnar da na yi, don unguwa duk ta ji an samo littafi. Na ce mata abu mai sauƙi ne, idan ta zo wurin ta sake faɗar nata, ni ba zan ce uffan ba. In ma tana so, yanzu in yage ganyen in sa a murhu.

"A'a," ta ce. "Waccan ƙaryar faɗowa ta yi a kaina ban shirya ba. Wannan in na yi, na zauna ne na shirya. Zan gaya musu."

"In suka daina yarda da karatunki fa?"

"Sai in ja faifai in yi ɓara kamar kowa. Ba wannan ne yake damuna ba. Ummu Hani ce. Ta ɗauki ƙafa ta tafi har Karaye saboda ta yarda an taɓa yin haka har an rubuta. Ina tsoron ta ji kamar wasa na yi da hankalinta a gaban mutane."

Bana a gidan Talatu aka zagayo ranar ƙarshen littafin. Kwana takwas tana karantawa kamar ba komai, ni kuwa gyada ba ta ɓaruwa a hannuna. Ranar ta tara gidan ya cika, har waɗanda ba sa zuwa sun zo don su ji rogon nan da kunnensu. Ummu Hani tana wurinta na kullum, gefen tabarma.

Aka kai inda Kausar ta tashi tsaye a tsakar gida. Inna Yelwa har ta fara murmushi tana cewa a ɗora rogo. Talatu ta rufe littafin a kan yatsanta.

"Inna, 'yan'uwa, ku dakata. Akwai maganar da na riƙe shekara huɗu. Abin da na karanta muku daga nan zuwa ƙarshe a wancan karon ba ya cikin littafi. Ganyen a yage na same su, na ji nauyin in faɗa, na ƙirƙira da kaina. Babu rogo a nan, ga Na'ima ta gani. Ku yafe ni. Ke kuma Ummu Hani, ke na fi yi wa laifi."

Hannuwa suka tsaya. Kowa ya juya yana kallon Ummu Hani. Ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Na ce shi ke nan, abin da ake gudu ya faru. Talatu ta miƙa hannu za ta dafa ta, sai muka ji sautin ya fito. Dariya take yi, har da hawaye.

"Talatu, ni na yage."

"Kika yi me?"

"Ni na yage ganyen. Kin tuna ranar da na sayi ƙuli hannunki duk mai, kika ce in shiga ɗaki akwai takarda in ƙunshe? Ban ga wata takarda ba sai littafin. Na ce to, bari in ɗiba daga farko, inda aka riga aka wuce, ba wanda zai nema."

"Daga farko kuma? Ai daga ƙarshe aka yaga."

"To ni ina na sani? Ni karatun allo na yi. Duk littafin da na taɓa riƙewa, daga dama ake buɗe shi. Na buɗe ta inda mutanen kirki suke buɗewa na yaga. Wa ya san ku 'yan boko ta baya kuke shiga littafi?"

Gidan ya kaure da dariya. Mubina ta kifar da faifanta, Inna Yelwa tana tari tana cewa a ba ta ruwa. Talatu kaɗai ce ba ta yi ba, ta saki baki tana kallon aminiyarta.

"Kin sani ke nan? Tun ranar?"

"Tun kafin ranar. Washegari na ga kina karatu kina tafiya wajen da na yage, tsoro ya kama ni. Kwana biyu ina kallon ganyen suna ƙarewa, kunya ta hana ni magana. Da kika ce a ba ki ruwa, na san kin iso. Na ce yau asirina ya tonu. Sai na ji kin ci gaba."

"Kika san ƙirƙira nake yi, kuma kika tafi Karaye?"

Ummu Hani ta goge idonta. Dariyar ta tafi daga muryarta.

"Shi ya sa ma na tafi. Da a littafin yake, da cewa zan yi ai labari ne, wanda ya rubuta bai san Hamma ba, bai san taurin kansa ba, bai san nawa ba. Amma ke kin san ni, kin san shi. Na zauna ina kallonki kina gumi, kina duba takardar da ba komai, kina nema min hanya a gaban mutane ba tare da kin kira sunana ba. Liman ya yi min magana, kawunnaina sun yi, kowa cewa yake in yi haƙuri. Ba wanda ya gaya min abin da zan yi da hannuna in na isa ƙofar. Ke kika gaya min."

A nan ne Yaya Talatu ta yi kuka, ni ma na taya ta, karo na biyu a kan littafi ɗaya. Farin ciki ne ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Na ce wa Ummu Hani shekara huɗu ta bar baiwar Allah tana zargin akuya. Ta ce ai ba a zalunci akuyar ba, don da ta gama cin ƙulin, akuyar ta miƙa wa takardar ta cinye.

Da aka natsa, Mubina ta ce tunda an saya, a karanta mana na gaskiyar mu ji. Talatu ta buɗe ta karanta, ba ƙari ba ragi, tun daga kotu har gilashin mota. Ana gamawa Inna Yelwa ta ja tsaki.

"Wannan marubucin bai taɓa yin ɗan'uwa ba. Talatu, rufe. Mayar mana da namu."

"Inna, ai na gaya muku ba ya ciki."

"Na ji. Kunnena ne ya mutu ko idona? Na ce ki mayar mana da namu."

Talatu ta rufe littafin ta ajiye a gefe. Ta dubi hannuwanta, ba abin riƙewa, sai ta jawo wani faifai ta ɗebi gyada, ta fara: Kausar ba ta aika kowa ba, ba ta nemi manya ba. Shekara goma sha shida ina zaune da ita, ranar na fara ganin ta ɓare gyada a wurin gayya, kuma ba ta iya ba, tana matsawa ƙwayar tana tsalle tana faɗawa ƙasa. Kafin rogo ya dahu a labarin, Ummu Hani ta miƙa hannu ta janye faifan zuwa gabanta.

"Ci gaba," ta ce. "Wannan ba aikinki ba ne."